Wa Ya Ɗaure Rufin?

Shugaban taro, malamaina da ke zaune a gaba, 'yan'uwana injiniyoyi da magina da masu zanen gini, ɗalibai: Lokacin da aka ba ni kaɗan ne, bari in shiga magana.

An nemi in yi bayani a kan yadda mai gida zai ɗauki ɗan kwangilar da zai gyara masa rufi ko ya sake masa sabo. A nemi mai amana, a je a ga aikinsa na baya, a ji farashin mutum biyu ko uku, duk wannan kun sani. Abin da ya kawo ni guda ɗaya ne, kuma shekara da shekaru ina nanata shi har wasu abokan aikina sun gaji da ji. A gidajen da na duba bayan iska ta yaye rufinsu, da wuya in tarar kwanon ne ya gaza. Rufin ne ba a ɗaure shi da bango ba. Mai gida bai tambaya ba, mai zane bai zana ba, kafinta ya yi yadda ya saba, jami'in da ya buga hatimi kuma bai taɓa hawa tsani ya leƙa ba.

Wata shekara hadarin farko na watan Mayu ya kwashe rufin gidan wata innata, dattijuwa da mijinta ya rasu. Da gari ya waye na je. Rufin yana kwance a filin maƙwabta gaba ɗayansa, kamar hular da aka tuɓe aka ajiye. Kwano yana manne da katako, ƙusa ko ɗaya ba ta fita ba. Na sa tsani na hau kan bangon. Ƙusoshi 'yan inci huɗu na gani, an buga su ta cikin katako zuwa cikin bulo, sun tsige sun bar ramuka. A kusurwa biyu kaɗai aka sa langa-langa, shi ma ƙarƙashin layin bulo na ƙarshe aka zura shi, sai iska ta ɗaga rufin haɗe da layin bulon. Ina saukowa ta ce mini, "Ɗana, ai kwano mai tsada na saya." Gaskiya ta faɗa. Kuɗinta ya tafi inda ido ke gani, wurin da ran rufin yake kuwa ba wanda ya nuna mata.

Ku ba ni dama in daɗe a kan lissafi, don a nan hujjata take. Mutane suna zaton iska tura rufi take yi. Idan ta bugi bango ta haura ta bi ta saman kwano da gudu, tsotso shi take yi sama, yadda take ɗaga fiffiken jirgi. Ƙarfinta kuma ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da gudunta: gudu ya ninka biyu, ƙarfi ya ninka huɗu. Iskar da ke gudun kilomita 50 a awa tana da ƙarfin da bai wuce kilo 12 ba a kan kowace murabba'in mita. Idan ta kai kilomita 100, wanda kan hadarin da ke taso mana daga gabas a farkon damina yana iya kaiwa, ƙarfin ya zama kilo 40 zuwa 50. To mene ne nauyin rufin da zai yi jayayya da wannan? Kwanon alminiyam mai kaurin milimita 0.45 bai kai kilo 2 ba a murabba'in mita. A haɗa da katakon da ke ƙarƙashinsa, da wuya ya wuce kilo 15. Ɗauki gida mai ɗaki uku da falo, rufinsa ya kai murabba'in mita 150. Nauyinsa tan biyu da 'yan kai. Iska kuwa, ko mun rage lissafin saboda ba ko'ina take ja daidai ba, tana neman ɗaga tan biyar ko shida. Wannan rarar ta tan uku zuwa huɗu, me zai riƙe ta? Ƙusar da aka buga a cikin bulon da rabinsa yashi ne?

Akwai ƙari. Jan ya fi tsanani a kusurwoyi da gefuna, yana iya ninka na tsakiya. Idan bakin rufi ya zarce bango da yawa kuma ba a rufe ƙarƙashinsa ba, iska ta sami mariƙa. Idan ƙofa ko taga ta ɓalle a ɓangaren da hadari ya fito, iska ta cika ɗaki ta riƙa tura silin daga ciki, ta waje tana ja, rufi ya shiga tsakanin biyu. Shi ya sa rufi mai gangara huɗu ya fi mai gangara biyu jure wa hadari. Shi ya sa kuma duk inda kuka ga an jera duwatsu da tsofaffin tayoyi a kan kwano, mai gidan ya riga ya gane abin da nake faɗa, nauyi yake nema ya maye gurbin ɗaurin da ba a yi masa ba.

Ɗaurin kuwa sarƙa ce. Kwano ya kama katakon da ya gitta, da ƙusa mai hula, a buga ta a tudun kwano, a kuma ƙara yawanta a gefuna. Katakon da ya gitta ya kama ƙafafun rufi. Ƙafafun su kama katakon da ke kwance a kan bango. Shi kuma wannan katako ya kama ginin kansa, ko da rodi da aka dasa a cikin kankaren da ya zagaye saman bango aka lanƙwaso shi, ko da langa-langa da aka zura aƙalla layi uku na bulo ƙasa, in da hali ƙarƙashin linta. A yi wannan a gindin kowace ƙafa, kusurwa kaɗai ba ta isa ba. Duk inda zobe ɗaya ya ɓace, daga nan rufin zai tashi. Kuɗin rodin da langa-langan gida guda da wuya su kai na bandir biyu na kwano.

Yanzu ga 'yan'uwana masu zane da injiniyoyi, ku yi haƙuri. Zane nawa na gani da shafi biyar na fasalin falo da tagogi, rufi kuwa layi biyu da kibiya, sauran an bar wa kafinta? Idan na yi ƙorafi sai a ce kafintocinmu sun san aikinsu. Wasu sun sani ƙwarai. Amma kafinta jinga aka ba shi, an kuma matse shi a ciniki har ya rasa inda zai ci riba sai a abin da silin zai ɓoye. A nan ne tu-bai-fo ke komawa tu-bai-tiri, a nan ne tazarar katako ke buɗewa, a nan ne ɗanyen katako ke shiga, ya bushe a sama ya murɗe ya saki ƙusa, a nan ne maganin gara ke zama shafa ɗaya a fuskar da mai gida zai gani. Wasu kuma sukan ce a sayi kwano mai kauri ko mai tsakuwa a huta. Kilo shida ko bakwai da irin wannan kwano ke da shi a murabba'in mita ba za su amsa kilo hamsin na iska ba. Masu cewa ƙaddara ce, babu mai musun ƙaddara a cikinmu, kuma hadisin mai raƙumin da aka ce ya ɗaure shi sannan ya yi tawakkali kowa ya san shi.

To mai gida, ga abin da nake roƙonka. Ka nemi ɗan kwangila a watan Janairu ko Fabrairu, lokacin da katako ya bushe kuma ba a rububin kafintoci. Wanda ya jira sai hadari ya haɗo, duk wanda ya samu shi zai ɗauka. Tambayarka ta farko gare shi ta zama: Malam, yaya za ka ɗaure rufin nan da bango? Idan ya tsuguna ya zana maka a ƙasa, ku ci gaba da magana. Idan ya ce kada ka damu, Alhaji, ka sallame shi cikin mutunci. Idan kuma gyara ne, kada ka yarda da farashin wanda bai shiga cikin silin da tocila ya soki katako da ƙusa ya ji ko gara ta cinye ba. Ɗora sabon kwano a kan ruɓaɓɓen katako asarar kuɗi ce.

Sannan a rubuta. Mun ɗauki rubuta yarjejeniya kamar zargi, alhali ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. A sa kaurin kwano da lamba, 0.45 ne ko 0.55, a kuma auna shi ranar da aka sauke, don ido ba ya bambance su. A sa girman katako da tazararsa da yawan wuraren ɗauri. Ko da kai za ka je kasuwar 'Yan Katako ko ta Ƙofar Ruwa ka sayo kaya, takardar tana nan da amfaninta. Kafin alƙalami kada ya wuce abin da zai ta da aiki. Biya mafi girma ya zo bayan an gama katako, kafin a ɗora kwano ko ɗaya, ranar da kai ko wani masani zai hau ya ƙirga ɗauri ɗaya bayan ɗaya. A riƙe kashi biyar zuwa goma cikin ɗari har rufin ya sha ruwan Agusta. A manyan kwangiloli haka ake yi, ban ga dalilin da zai hana talaka wannan kariya ba. Kai ma kuma ka biya kafinta haƙƙinsa cikakke a kan lokaci, don wanda aka danne shi ne ke rage ƙusa.

Ba na cikin masu kiran a koma soro. Azara ta yi wuya, yaɓen shekara-shekara ya fi ƙarfin ma'aikacin yau. Amma magabata sun bar mana abin koyi. Soro nauyinsa ke riƙe shi, kuma magina suna da sarki da za a kai masa ƙara. Bakan gizon da Babban Gwani ya ɗaura a Masallacin Juma'a na Zariya zamanin Sarki Abdulkarimu yana nan. Mun sauya laka da kwano marar nauyi, muka bar kafinta ba mai duba shi. An kafa majalisar rajistar magina a 1989, an fitar da kundin ƙa'idojin gini na ƙasa a 2006, amma har yau wanda ya sayi guduma da zarto jiya yana iya karɓar rufin makaranta gobe.

Saboda haka ina kira ga hukumomin tsara birane su ƙi amincewa da duk zanen da bai nuna ɗaurin rufi ba, su kuma sa ziyara ɗaya ta dole a ranar da katako ya hau. Kwalejojin fasaha su buɗe horo na mako ɗaya ga kafintoci, da Hausa, a ba su shaidar da mai gida zai iya nema. Hukumomin agaji kuma, kowace shekara kuna raba kwano da ƙusa da siminti ga waɗanda iska ta yi wa ɓarna, Allah ya saka da alheri, amma ana mayar da rufin ne yadda yake kafin ya tashi. Ku sa langa-langa a cikin kayan, ku tura mutum ɗaya da zai nuna inda ake zura shi.

Ku kuma da ke zaune a nan, kafin watan Afrilu kowa ya sa tsani ya buɗe silin gidansa ya haska gindin katako. Idan bai ga ƙarfe ya rungume shi ya nutse cikin bango ba, ya kira kafinta a makon nan.