Makirufo a Jikin Kukuma da Kuntigi

Sanin kowa ne cewa kukuma da gurmi da kuntigi kayan kiɗa ne masu ƙaramar murya. Tun da aka buɗe masaƙar Kaduna Textiles a Kakuri cikin 1957, unguwannin kudancin kogin Kaduna suka cika da ma'aikata, bukukuwa suka yawaita, har hayaniyar taro ta fi ƙarfin tsirkiya.

Makirufo mai tsayawa bisa sanda, irin na ɗakin ɗaukar sauti a gidan rediyon da aka kafa a Kaduna cikin 1962, yana daure makaɗi wuri guda. Wanda ake maƙalawa a jikin abin kiɗa kuwa yana bin makaɗi duk inda ya juya, kuma ba ya kwasar surutun jama'a sosai. Amma fa akwai sharaɗi. In aka ɗora shi bisa fata, nauyinsa zai hana ta kaɗawa, amo ya dushe. In ya matsi jaki, sai ƙarar gogar izga ta rinjayi zaƙin kiɗan. Gefen ƙwarya ya fi dacewa, sa'an nan a nisanta lasifika don gudun ƙara mai kashe kunne.

Marigayi Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu cikin 2015, ya nuna cewa tsirkiya ɗaya ta isa ta riƙe babban zaure. Muddin ba a jin makaɗin kukuma a Kakuri da Barnawa, masu biki za su koma ga fiyano, 'ya'yansa kuma su bar gado.