Yadda Ake Sifanta Masifa A Rubuce

Yanzu kun iya haɗa baƙi da wasali, kun iya rubuta wasiƙa. Yau za mu koyi sifantawa, watau ka rubuta abu yadda wanda ba ya wurin zai ji kamar a gabansa aka yi. Gani ya kori ji. To, aikin mai rubutu shi ne ya ara wa mai karatu idonsa.

Mu ɗauki ambaliyar ruwa. A watan Agusta na 1988 madatsar Bagauda ta ƙasar Kano ta ɓalle bayan ruwan sama mai yawa. Ran 10 ga Satumba 2024 kuma ta Alau ta ɓalle, ruwa ya shiga Maiduguri. Irin wannan masifa ba ta sallama.

A ce ta auka wa ƙauyenku, Allah ya kiyaye, Dagaci ya sa ka rubuta wa Hakimi. Wani sai ya rubuta, "Ruwa ya yi mana ɓarna ƙwarai." Shi ke nan. Yaya Hakimi zai san irin taimakon da zai nemo muku?

Ku saurari wannan kuwa: "Daren Talata, bayan lisha, muka ji rugugi daga gabas. Kafin asuba ruwa ya kai wa babban mutum ƙirji a ƙofar masallaci. Ja wur ne, yana tafe da karan dawa da matattun kaji. Ɗakuna 14 sun faɗi, rumbuna 6 sun jiƙe, har gero ya fara tsira a ciki. Rijiyarmu ta cika da laka, tana wari. Mata da yara a makaranta suke kwana."

Kun ji bambanci? Ya faɗi lokaci da wuri. Ya faɗi abin da ido ya gani, da wanda kunne ya ji, da wanda hanci ya shaƙa. Ya auna ruwa da jikin mutum. Ya ƙirga asara. Hakimi ya san ana bukatar hatsi, da ruwan sha, da wurin kwana.

Amma ku lura, kada ku ƙara gishiri. In ɗaki 14 ya faɗi, kada ka ce 40. Ramin ƙarya ƙurarre ne, ranar da aka zo dubawa ka jawo wa garinku kunya.

Ga aikinku. Kowa ya tuna wata masifa da ya gani da idonsa, ko ambaliya, ko gobara, ko farin ɗango. Ya rubuta layi 6 a kanta. Ran Alhamis za mu karanta. Allah ya tsare mu, amin.