Saki Yana Raba Aure, Ba Ya Raba Bashi

Maganar yau daga cikin gidanmu na ɗauko ta, kuma sai da na nemi izinin mai ita kafin na zauna gaban wannan makirfo.

Yayata malamar firamare ce. Ita da mijinta suka sayi fili a bakin gari, suka ci bashi a ƙungiyar tsimi da tanadi ta ma'aikata domin su gina ɗaki biyu da falo. Su biyun suka sa hannu. Amma da yake ita ce mai albashi, daga albashinta ake cirewa duk wata. Shi manomin rake ne, aka yi da baki cewa idan ya sayar da rake zai riƙa mayar mata da rabi. Takardar filin kuwa, sunansa kaɗai ke jiki. Lokacin babu wanda ya ga aibun haka, ai miji da mata ne.

Bayan shekara uku aure ya mutu. Ta gama idda ta dawo gida. Ƙarshen wata alat ya shigo, an cire kuɗin nan kamar kullum. Ta miƙo min wayar ta ce, "Ka gani? Ina biyan kuɗin gidan da aka kai wata amarya." Wallahi ban sami abin ce mata ba.

To jama'a, abin da nake so mu riƙe ke nan. Mai ba da bashi bai san takardar saki ba. Sunan da ke jikin takardar bashi kawai ya sani. Idan ku biyu kuka sa hannu, a yawancin irin wannan yarjejeniya kowannenku ana iya binsa kuɗin gaba ɗaya, ba rabi ba. Haka wanda ya tsaya muku garanto, shi ma yana cikin tarko. Gidan kuma, wanda sunansa ke kan takardar fili shi ake fara kallo a matsayin mai shi.

Kada wani ya ce wannan matsalar 'yan birni ce. Ma'aikata da yawa ana cire musu kashi 2.5 cikin ɗari zuwa Asusun Gidaje na Ƙasa, wato NHF, wanda aka kafa a 1992, Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya ke kula da shi. Lamuninsa na iya kai shekara 30 ana biya. Shekara talatin fa! Aure nawa kuka sani da ya mutu kafin ya kai biyar? Ko bankin da babu ruwa ka je, irin Jaiz da ya fara aiki a 2012, sa hannun nan dai shi zai ɗaure ka.

Yanzu me addini ya ce? A fiƙihun Malikiyya da kotunanmu na shari'a ke aiki da shi, dukiyar mace tata ce, aure ba ya mayar da ita ta miji. Amma a gaban alƙali tambayar ita ce: kuɗin da kika zuba, kyauta ce, rance ne, ko tarayya? Kuma mai da'awa shi ke kawo hujja. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take. Mu kuma mun mayar da rubutu tsakanin miji da mata kamar rashin yarda.

Idan abin ya riga ya faru, mafita uku na sani. Ta farko, ɗaya ya sayi kason ɗaya: a yi wa gida kuɗi, a cire sauran bashi, abin da ya rage a raba gwargwadon abin da kowa ya zuba. Ta biyu, a sayar da gidan, a fara biyan bashi, sannan a raba saura. Ta uku, idan akwai yara kuma ba a son gidan ya fita, a sa haya, kuɗin haya ya riƙa biyan bashi har ya ƙare.

Kowacce aka zaɓa, ku lura da abu biyu. Kada a daina biya saboda fushi, domin mai bin bashi zai iya sayar da gidan da araha, ku biyun ku tashi a tutar babu. Sannan kada ka yarda da "ki bar min gidan, ni zan ci gaba da biya" da baki. Ku je wurin masu bashin tare a cire sunan wanda ya fita, a rubuce. Idan filin na da C of O, Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta ce sai da amincewar gwamna ake jinginarwa ko canja mai shi, kuma a jiharmu KADGIS ce ke wannan aiki.

Mu yaya muka ƙare? Ba mu je kotu ba. Kawunmu da wan mijin da limamin unguwa suka zauna sulhu. Abin da ya cece ta takardun albashinta ne, wata-wata, ga abin da aka cire ƙarara. Mijin ya amince zai biya ta kashi uku, duk bayan kakar rake, aka rubuta, shaidu suka sa hannu. Amma sarƙa da 'yan kunnen da ta sayar aka sayi kwanon rufi, da kwasar adashe biyu da suka tafi a bulo, babu rasit, babu shaida. Ya ce gudummawa ce. Haka suka tafi.

Kuma ba mata kaɗai ba ne. Na san saurayin da ya gina a filin gadon matarsa, da aka rabu ko bulo ɗaya bai ɗauka ba.

Don haka 'yan uwana masu shirin aure, da ku da ke ciki: in za ku haɗa kuɗi ku gina, ku sa sunayenku biyu a takardar fili. Ku rubuta kason kowa. Ku ajiye rasit, ku ɗauki hotonsa a waya. Wanda ba shi da kuɗin lauya, akwai Hukumar Ba da Agajin Shari'a, mata kuma akwai ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA a Kaduna.

Yaya ta ce in faɗa muku, da an ba ta wannan shawarar a ranar da suka sa hannu, da ta ji haushi, amma da ta ɗauka. Ku tura wa wanda kuka san yana shirin gini. Allah Ya zaunar da gidajenmu lafiya. Sai mako mai zuwa.