Daga Sisili Zuwa Dazukan Zamfara: Yadda Ɓarna Ke Zama Gida

 



An nemi in yi magana kan gidajen masu laifi da ake gado. Zan fara da nesa, don mu fi ganin na kusa.

A tsibirin Sisili na ƙasar Italiya, cikin ƙarni na 19, masu manyan gonaki sun riƙa ɗaukar majiya ƙarfi domin gadin lambunan lemo da garken shanu, saboda hukuma ta yi rauni. Sannu a hankali masu gadin suka zama su ne ɓarayin, suna karɓar haraji domin kare mutum daga sharrin kansu. Wannan shi ne tushen Mafiya. Shirun jama'a ya raya ta fiye da bindiga. Sai a 1984 wani ɗan cikinta, Tommaso Buscetta, ya buɗe baki ga alƙali Giovanni Falcone, mutumin da ya ƙware wajen bin sawun kuɗi. Shari'ar 1986 zuwa 1987 ta ɗaure fiye da mutum 300. Sun kashe Falcone a 1992, kuma ɗaya daga cikin manyansu, Messina Denaro, ya ɓuya shekara 30 kafin a kama shi a 2023, a wani asibiti cikin Palermo, ba a daji ba.

To, mu dawo gida. Abin da ya soma da satar shanu a Zamfara yanzu ya zama daba-daba, kowace da uban gidanta da yaranta. An kashe Buharin Daji a 2018, kuma yaronsa Dogo Giɗe ne ya kashe shi. Sojoji sun kashe Halilu Sububu a 2024, amma dabobin ba su watse ba, domin gadonsu ake yi. Mun ga abin da ya faru a kasuwar Goronyo a 2021, mun ga yadda aka sace Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Bawa, aka kashe shi a 2024. A 2025 wutar ta iso ƙauyukan Shagari da Tureta.

Abin da ya fi damuna shi ne harajin noma. Shehu Usmanu, wanda ya zauna nan Sifawa, ya soki harajin zalunci a Kitabul Farƙi. Yau a ƙasarsa manomi ke biyan ɗan bindiga kafin ya girbe geronsa. Yaron da ya tashi yana ganin haka zai ɗauka mai bindiga ne hukuma.

Ku mazauna birni kuna da hannu a maganin. Ba a ƙera babur a daji, ba a tace man fetur a can. Shanun sata a kasuwa ake sayar da su, kuɗin fansa kuwa, wanda galibi ku ake bugo wa waya ku haɗa, cikin gari yake zama gida da shago.

Ina roƙon ƙungiya ta kafa kwamitin da zai riƙa karɓar bayanai a asirce daga Boɗinga da Shagari yana miƙa wa jami'an tsaro, ta kuma ɗauki nauyin karatun marayun da aka bari, har da 'ya'yan makiyaya.