Wace ɗamara ta dace da zobban piston na moto?

Ran kasuwa da marece, bayan an tashi karatu, wani tsohon makaniki ya yi wa ƴan makarantar yaƙi da jahilci jawabi. Samari masu kabu-kabu da masu garka sun zo da yawa. Ga abin da ya faɗa.

Aikin zobba

Ya ce cikin injin moto akwai piston, wanda yake hawa yana sauka cikin silinda. A jikin piston akwai zobba na ƙarfe. Makanikai suna ce da su segman. Moto irin namu na yanzu zobe 3 gare shi. Biyu na sama suna tsare iska kada ta ɓulle. Na ƙasa yana share mai daga bangon silinda. In zobba suka cinye, moto ya rasa ƙarfi, ya dinga shan mai yana fidda shuɗin hayaƙi.

Ya ce sabon zobe a buɗe yake, ya fi bakin silinda faɗi. Sai an matse shi kana ya shiga. Kuma zobe gautsi gare shi. In aka danna shi da tsinin ƙarfe ko aka buga da guduma, sai ya karye. Wani lokaci mai gyara ba ya jin karyewar. Sai an tada inji guntun ya karce silinda. Daga nan sai an kai ta birni a rarake ta, a sayi piston mafi girma da milimita 0,25 ko 0,50. Kuɗi sun ninka, moto ya kwana a garaji. In mai naƙuda ta tashi da dare, babu abin kai ta gidan likita.

Ɗamara iri biyu

Ya ce kayan aikin da ake matse zobba da shi ɗamara ce ta ƙarfe marar kauri. Masu sayarwa suna ce da ita kolye. Ya fiddo guda biyu daga jakarsa ya nuna.

Ta farko rufaffiya ce, ana matse ta da ɗan makulli. Don injin mota aka yi ta, inda ake sa piston ta saman silinda a tura shi ƙasa. Tana amfani ga injin ban ruwa na garka, irin Honda GX160, mai piston milimita 68.

Ta biyu tana da baki, tana buɗewa. Ya ce ita ce ta moto. Dalili kuwa, a moto piston yana ɗaure da sandarsa a jikin inji, silinda ce ake saukowa da ita bisa kansa. In silinda ta rufe zobba, ɗamara ta zame ƙasa ta kewaye sanda. In rufaffiya ce, ta ina za a fidda ta? Sai a sake kwance aiki.

Abubuwa 3 kafin a biya kuɗi

Na ɗaya, a san faɗin piston. Moto mai lamba 110 yawanci milimita 52 ne da ɗan ɗori. Mai lamba 125 irin CG milimita 56,5 ne. Ɗamarar mota da yawa ba su matse abin da ya kasa milimita 53. Mai zuwa kasuwa ya tafi da tsohon piston a aljihu, ya gwada gaban mai shago.

Na biyu, a tabbata tana buɗewa.

Na uku, a shafa cikinta da yatsa. In da kaushi, ko tsatsa, ko lanƙwasa, a bar ta. Araha ba ta ado.

Wanda ba shi da ɗamara fa?

Wani saurayi ya yi wannan tambaya. Makaniki ya ce bakin silinda na ƙasa an fafe shi kaɗan don ya karɓi zobba. Saboda haka moto mai silinda guda, mai haƙuri yana iya sa su da yatsu, ɗaya bayan ɗaya, wani yana riƙe masa silinda. Ana kuma iya yanko falle daga gwangwani, a goge bakinsa sumul, a naɗa, a ɗaure da abin matse tiyo. Amma ya ce gara ƙungiya ta haɗa kuɗi ta sayi mai kyau guda, kowa ya ara ya maido.

Yadda ake aikin

Ya ce a shimfiɗa tabarma mai tsabta inda babu iska, don rairayi maƙiyin inji ne. A toshe bakin inji da tsumma kada wani abu ya faɗa ciki. Gefen zobe mai rubutu ya dubi sama. Bakunan zobba kada su yi layi ɗaya, a raba su kamar duwatsun murhu. In mobilet ce mai shan esansi gauraye da mai, akwai ɗan ƙusa cikin ramin zobe: bakin zobe ya zauna daidai kansa, kuma kada a murɗa silinda.

A shafa mai ga piston da ɗamara da silinda. A matse har zobba su shige ramukansu, amma ɗamara ta iya zamewa. A sauko da silinda a hankali da tafin hannu. In ta cije, a tsaya, a ɗaga, a duba. Kada a buga.

Da ya gama, ya ba kowa piston da ɗamara ya gwada da hannunsa. Malamin makaranta ya rubuta 52 da 56,5 da 68 a allo, ɗalibai suka kwafe cikin littattafansu.