Baƙon da Ya Girmi Mai Masauki



Jawabinmu na yau ya shafi wani dutse da masana ke kira anotosait, wanda kashi 90 cikin 100 na jikinsa ma'adini ne mai hasken launi, wato filajiyokiles. Akwai shi birjik a Labrado ta Kanada da Rogaland ta Norwe. A cikinsa akan tarar da manyan ƙwayoyi masu duhu na wani ma'adinin, firoksin, har wata takan kai mita guda. Shin a ina aka haife su?

A 1975 masana biyu suka sha bamban. Morse ya ce a nan inda muke ganinsu suka girma, kuma cikin hanzari. Emslie ya ce baƙi ne daga can ƙarƙashin ƙasa. Hujjarsa ita ce yawan alminiyam da ke jikinsu, domin firoksin ba ya haɗiye irin wannan adadi sai in matsi ya tsananta. Siraran zanen filajiyokiles da ke cikin ƙwayoyin kuwa, abin da suka amayar ne bayan matsin ya sassauta.

Ga yadda galibin masana suka fahimci al'amarin. Narkakken dutse yakan taso ya kwanta a gindin ɓawon duniya, zurfin kilomita 30 zuwa 40, yana hucewa sannu a hankali. A nan firoksin ke samun sukunin girma. Ma'adinai masu nauyi su nutse, filajiyokiles ya yi sama kamar ƙaiƙayi a ruwa. Daga baya wannan kunu mai kauri ya yunƙuro, ya ɗebo wasu ƙwayoyin ya haura da su.

A 2014 Bybee da abokan aikinsa suka auna shekarun ƙwayoyin, suka tarar wasu sun girmi dutsen da ya sauke su da kimanin shekara miliyan 80 zuwa 120.

Me ya sa za mu damu? Rami mafi zurfi da ɗan'adam ya haƙa, na Kola a Rasha, bai wuce mita 12,262 ba. Ashe labarin gindin ɓawon duniya sai dai daga bakin irin waɗannan baƙi. Ya kamata mu ɗalibai mu koyi yi musu tambaya.