Me Ka Bayar?



Yau za mu yi magana a kan wata 'yar kalmar Turanci wadda kowane yaron makaranta ya sani, watau give, bayarwa ke nan. Ƙanƙanuwa ce, amma kayanta da nauyi. In direban trotro ya ga allo an rubuta give way, sai ya dakata wani ya wuce. In Bature ya ce give up, ya sallama ke nan. In ya ce give back, a mayar wa mai abu abinsa.

Mu Hausawa mun rarrabe. Abin da mai tumatir ta ƙara maka ran Laraba a kasuwar Nima, gyara ne. Na ɗan aike tukuici ne, na mabukaci sadaka, na biki gudummawa. Wanda a ke miƙawa a ɓoye don a karkatar da shari'a kuwa, cin hanci ne. Duka Bature ya iya ce musu give.

A gidan hayar da na zauna a Maamobi, wani tela ya ba maƙwabcinsa sidi 500. Suka sa ɗan makaranta ya rubuta takarda da Turanci, yaron kuwa ya sa give kawai. Bayan wata shida tela ya ce bashi ne, maƙwabci ya ce kyauta ce. Takarda ba ta raba gardama ba. Shekara biyu ba su gaisa ba, ga shi kuwa famfo ɗaya su ke ɗiban ruwa. Har 'ya'yansu aka hana su wasa tare.

Da tela ya kwanta ciwo na je gaishe shi, na nuna masa wata kalma, forgive, watau gafartawa. Na ce, duba, give tana cikinta. Wanda ya gafarta ya bar hakkinsa ne, ya mai da bashi kyauta. Ya yi shiru, sa'an nan ya ce a kira masa maƙwabcin.

Ya ɗan'uwana, haka Allah ya yi da mu. Bashin zunubi ya yi mana yawa, ba mu da abin biya. Cikin Matta sura 18 Yesu ya ba da misalin bawan da sarki ya yafe wa bashi mai tarin yawa, shi kuwa ya fita ya shaƙe abokinsa saboda 'yan kuɗi kaɗan. Kada mu zama kamarsa.

Me Allah ya ke so ka ba shi? Harshenmu ya riga ya faɗa, gama mu kan ce ba da gaskiya. Ka ba da gaskiya ga Yesu. In kuma akwai wanda ba ku gaisawa, je ka wurinsa yau kafin rana ta faɗi.

Allah ya ba mu alherinsa. Amin.